Yadda Ƙarangiya Ta Bi Inna Kande Gida

Dalilin da ya sa ƙarangiya take maƙale muku a tufafi, yara, ku matso ku ji shi.

Da can ƙarangiya ba ta da ƙaya, sumul take kamar ƙwayar gero. A garin Tudun Sabara dabbobi suka yi yawa, suna cinye ciyawa tun ba ta yi iri ba. Cikin shekara uku wurin kiwo ya zama fako, ko an yi ruwa sai ya wuce. Awaki suka koma cin tsumma.

Wata tsohuwa, Inna Kande, ta ɗauki ƙwarya ta yi tafiyar kwana uku zuwa wata fadama neman irin ciyawa. Ta cika ƙwaryarta ke nan, sai mai fadamar, Jatau, ya tare ta da baka da kibiya.

"Iya, mene ne a ƙwaryar nan?"

"Iri ne, ɗana. Ƙasarmu ta mutu."

"Ba ni na kashe ta ba." Ya fizge ƙwaryar ya zubar. "In na ga ko ƙwaya ɗaya a jikinki, ba za ki koma gida ba."

Ta durƙusa cikin ciyawa tana kuka. Sai ƙarangiya ta yi mata raɗa: "Zan bi ki, amma zan ji miki ciwo. Kuma in na tsiro, kada a sako dabba sai na zubar da iri."

"Na yarda," in ji Inna Kande.

Nan take ƙarangiya ta fito da ƙaya, ta cika mata bakin zane.

Jatau ya duba hannuwanta, ya kakkaɓe ɗankwalinta. Sai idonsa ya sauka ƙasa.

"Wannan fa?"

Ta dubi bakin zanenta ta ce, "Dattin daji ne, ɗana. Cire min mana."

Ya kai hannu, ƙaya ta soke shi, ya yarfar da yatsa. "Tafi da tsiyarki!"

Kwana uku ƙaya tana yagar ƙafafunta, ba ta cire ko ɗaya ba. Da ta iso, mutanen gari suka fasa fakon da gatari, suka yi ramuka masu tare ruwa, ta zuba irin a ciki. Damina guda suka ɗaure dabbobi suna kukan yunwa, har ciyawa ta rufe ƙasa.

Shi ya sa har yau ƙarangiya ba ta barin mai wucewa. In ta kama ku, ku cire ta ku yar inda ƙasa ta bushe, don ta tsiro a can.