Suna Ɗaya, Gurbi Ɗaya

A wani zamani da ya shuɗe, an yi wani sarki da tulunan taskarsa suka yi yawa har ana ruɗewa. Sai Waziri Barmo, mutum mai magana ta hanci, ya kawo doka: kowane tulu da sunansa, kowane suna da gurbi ɗaya, in sabo ya zo da sunan tsoho, a zubar da tsohon.

A taskar akwai maganin zazzaɓi mai suna Sassauci, haɗin Malam Jatau. Waziri, da ya daɗe yana ƙyashin malamin, ya sa aka kawo ruwan kanwa da wannan suna. Ma'aji ya bi doka. Da zazzaɓi ya kama Sarki, ya sha, ya kwana uku yana zawo, aka kori Jatau daga garin.

'Yarsa Tasalla ba ta yi kuka ba. Tambaya ta yi ta yi, har ta ji cewa turaren wutar da Waziri ke taƙama da shi sunansa Sanyin Fada. Ta daka barkono lilis, ta cika tulu, ta rubuta sunan, ta miƙa wa Ma'aji. Ya sunsuna, ya dube ta, ya ce shi dai doka ya sani.

Ran da baƙi suka cika fada, Waziri ya gyara rawani, ya ce ta hancin nan nasa, "A kawo Sanyin Fada, baƙi su san inda suka zo." Aka barbaɗa a garwashi. Sarki tari, alƙali atishawa, baƙi kuwa ko takalma ba su tsaya nema ba.

Sarki ya ce a kori Waziri. Waziri na hawaye yana rantsuwa suna ne nasa, haɗi ba nasa ba.

Nan Tasalla ta faɗi ta yi gaisuwa. "Ranka ya daɗe, ni na daka. Abin da ya faɗa, shi ubana ya faɗa, ba a saurare shi ba."

Ma'aji ya ba da shaidar tulunan biyu. Sarki ya aika a dawo da Jatau, ya kuma sake doka: sunan mai haɗi a gaba, sunan abu a baya, kada wani ya sake ture wani.

Barmo kuwa, aka tuɓe masa rawani, aka ba shi alƙalami ya sake wa tulu dubu suna. Tasalla ke dubawa. Na ubanta sau tara ta sa ya goge, wai rubutun bai fito ba.