Gemun Bunsuru da Doguwar Igiya

Ka taɓa riƙe igiyar ƙaton kare a lokacin da ya hango zomo? To, gyara zama ka ji yadda Bunsuru ya kwashe da tasa.

Wata rana dabbobin gidan wani manomi suka yi taro a kan Girgije, wani ƙaton kare mai kirki amma mai zumuɗi. Zaman ɗauri ya ishe shi, haushinsa ya ishi kowa. Aka yanke cewa duk wanda ya kai shi rafi ya dawo da shi, shi ne jagoran garke.

Bunsuru, wanda ba abin da yake taƙama da shi kamar gemunsa, ya yi tsalle ya ce, "Magana ta ƙare. Ku fara koyon gaishe ni."

Ya ja Girgije sai rumfar Gafiya mai dukanci, gwanar faɗin gaskiya ko ba daɗi. Ta ɗauko abin wuya na fata mai faɗi da wata gajeriyar igiya mai kauri.

"Ga naka, Mai Gemu. Faɗin fatar ba zai shaƙe shi ba, gajartar igiyar kuma ba za ta ba shi filin ɗaukar gudu ba."

Bunsuru ya yatsine fuska. "Wannan ai ta ɗaure jaki ce. Miƙo mini waccan ja ɗin, doguwar nan mai ƙararrawa."

"Ta ado ce, ba ta aiki ba."

"Ke da ramin ƙasa kika sani, me kika sani a kan ado?"

Girgije ya kaɗa wutsiya ya ce, "Yaya Bunsuru, ni fa in na ga zomo, ko sunana ba na tunawa."

"A gabana za ka tuna."

Don kowa ya ga gemu a bakin aiki, sai ya ƙulla igiyar a gemunsa, ƙulli mai kyau. Suka kama hanya, ƙararrawa na kaɗawa, awaki na leƙe, Bunsuru na taku ɗai-ɗai.

Dab da rafi sai ga zomo ya yi wuf daga ciyawa. Girgije ya zabura. Igiya ta yi ta warwarewa, shi kuwa gudu sai ƙaruwa yake, kafin ta miƙe ya zama guguwa. Fizga ɗaya, Bunsuru ya bar ƙasa.

"Girgije, tsaya! Ni ne yayanka!"

Ina. Aka bi da shi ta ƙarangiya, aka ratsa da shi ta laka, har ya maƙale a tsakanin itatuwa biyu. Igiya ta wuce, gemu ya bi ta.

Da la'asar Girgije ya shigo gida shi kaɗai yana haki, igiya na jan ƙasa, gemu na reto a ƙarshenta. Gafiya ta ɗaga shi sama ta duba.

"To, jama'a, gemu dai ya cika alkawari. Shi za mu naɗa, ko mu jira mai shi?"

Darasin wannan labari shi ne: kayan aiki da ƙarfin aikin ake auna su, ba da kyan gani ba, kuma mai girman kai ba ya jin gargaɗi sai a cikin ƙaya. In akwai babban kare a gidanku, je ka duba abin wuyansa da igiyarsa yau, tun kafin zomo ya fito.