Bikin Sunan Ɗan Alkasum

Alkasum mai sayar da salula ne a Zango, cikin Damagaram. Ba mugu ba ne, bai kuma taɓa barin gidansa da yunwa ba. Aibinsa guda ne: son a gani a yaba. In zai yi abu, ba amfaninsa yake fara dubawa ba, sai abin da mutane za su ce.

Da matarsa Lubabatu ta samu cikin fari, tsoro ya cika ta. Mahaifiyarta ta rasu tun tana ƙarama, ita kuma ba ta taɓa rainon jinjiri ba. Takan tambayi maƙwabta yadda ake kula da cibiya, da yadda ake tallafe kai wajen wanka, da yadda uwa ke bambance kukan yunwa da na ciwo. Shi kuwa Alkasum suna yake shiryawa. Tun ciki bai tsufa ba ya sayi raguna, ya yi magana da masu rumfa da makaɗa, ya gayyaci abokan kasuwancinsa na Maraɗi da Agadas.

Da watan haihuwa ya kama, Lubabatu ta tafi goyon ciki unguwar Birni, wurin Gwaggo Gana, ƙanwar mahaifinta. Ta sauka lafiya a asibitin haihuwa, aka samu namiji, aka sallame su.

Ana cikin kwanakin jego, Lubabatu ta lura idanun yaron sun yi ɗorawa-ɗorawa. Barci ya yi masa yawa, in ta ba shi nono sai ya kama ya saki. Kunyar ɗan fari ta sa ta yi shiru da farko, amma da ta ga launin ya sauko har ƙirji, ta nuna wa Gwaggo. Gwaggo ta fito da shi haske ta duba, ta aika a kira Alkasum.

Ya zo, ya durƙusa ya gaishe ta. Ta ce, "Ɗan nan, yaron nan shawara ce ta kama shi. Ka nemo mota mu koma likita."

Ya ce, "Gwaggo, jibi suna fa. In muka je kwantar da su za a yi. Baƙi su taso daga nesa su tarar ba uwa ba ɗa? Ina zan sa fuskata?"

Lubabatu ta yi magana daga cikin ɗaki. "Maigida, don Allah. Tun safe bai sha ba. Ko ɗaga sunan a yi."

"Ke Luba, tsoronki ya yi yawa. Wane jariri ne ba ya barci? A yanka rago tukuna, ni da kaina zan kai ku."

Gwaggo ta so ta ɗauki yaron ta tafi, amma ta ji nauyin tsallake maganar suruki a kan ɗansa. Ta haƙura, ranta bai so ba.

Ranar suna Birni ta cika. Aka raɗa wa yaro Abdul'aziz, aka ci aka sha, maroƙa suka yi ta wasa Alkasum yana murmushi cikin sabuwar shadda. A cikin ɗaki kuwa mata na karɓar jariri suna cewa, "Kai, wannan yaro akwai haƙuri, ko motsi ba ya yi." Lubabatu ta sha lalle da ado, tana amsa barka, hawaye na zuba. Suka ɗauka na murna ne.

Bayan la'asar yaron ya sandare, ya banƙare baya, ya saki wani siririn kuka mai tsini da ba ta taɓa ji ba. Ba ta nemi izinin kowa ba. Ta rungume shi ta ratsa taron mata da gudu, ba ko takalmi, Gwaggo na biye da ita.

A asibiti aka sa shi ƙarƙashin fitilar magani, aka yi duk abin da za a iya. Likitan ya kira Alkasum gefe ya tambaye shi yaushe abin ya fara. Alkasum ya faɗa masa. Likitan ya ce, "Zai rayu, in Allah ya so. Amma ciwon ya riga ya taɓa ƙwaƙwalwa. Da kun zo ranar da kuka gani, da magana ce mai sauƙi."

Yau Abdul'aziz ya isa shiga lakwal, wato makarantar boko, amma ba ya ji, ba ya magana, ba ya iya zama sai an tokare shi da matashi. Lubabatu ke goyon sa duk inda za ta, ƙafafunsa na lilo har gwiwoyinta. Ba ta taɓa yi wa mijinta gori ba. Alkasum kan rufe shago da wuri ya dawo ya karɓe ta, ya ɗora yaron a cinya yana ba shi kunu da cokali, yana share masa baki. Wani lokaci yakan sunkuya ya ce, "Ka yafe mini, Abdu." Yaron sai dai ya bi bakinsa da kallo.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, ran jariri ba ya jiran biki. Duk wanda Allah ya ba amanar ɗa, in ya ga alamar ciwo, ya ajiye komai ya nufi likita, ya kuma saurari uwa, don ita ke kwana da shi ta tashi da shi. Masu cin tuwon suna wuni ɗaya suke yi su watse. Abin da sakaci ya haifar kuwa, iyaye da ɗansu ne kaɗai ke ɗaukarsa har ƙarshen rayuwa.