Fadamar Shekarau

Ku gyara zama, ga wata nan tafe gare ku. Ba ta dariya ba ce, kuma in na kai ƙarshenta ba ni zan yanke hukunci ba, ku ne.

A farkon zuwan Turawa akwai wani ƙauye a bakin gulbi da ake kira Tungar Giginya. A nan wani manomi mai suna Shekarau yake zaune da matarsa Tabawa da 'ya'yansu uku. Nomau shi ne babba, sai Jatau, sai autarsu mace, Kande. Duk sun girma, kowa da aurensa. Abin da ya riƙe gidan kuwa wata fadama ce da kakan Shekarau ya sare da gatarinsa tun wurin yana kurmi. Da damina shinkafa, da rani albasa da rake. A gefenta na gabas akwai ɗan tudu, nan kushewun gidan suke, har da na 'ya'yan da Tabawa ta binne suna ƙanana.

Wata shekara gulbi ya yi ambaliya ya cinye shuka, fadamar ta kwanta fayau babu ko karan shinkafa. A shekarar ce wani Bature ya iso da masu awon ƙasa. Ba irin Turawan mulki ba ne masu zuwa rangadi su wuce. Shi zama ya zo yi, yana neman inda zai noma auduga da taba. Mutane suka sa masa suna Mai Lofe, don lofe ba ya barin bakinsa. Tabawa na dawowa daga gulbi da tulu a ka ta ga ana jan sarƙa a cikin gonarsu, ana kafa turaku masu farin fenti. Ta zaci hanya za a fitar.

Da Shekarau ya je wurin dagaci, dagaci ya kasa haɗa ido da shi. Ya ce, "Malam Shekarau, sai haƙuri. Sun ce duk ƙasar da ba kowa a kanta ta gwamnati ce, su kuwa da suka zo ba su ga shuka ba. Hakimi ya riga ya amince. Ni wane ne?"

Shekarau ya ce, "Ba su ga shuka ba. Kushewun ma ba su gani ba?"



Kafin ruwa ya sake sauka an zagaye fadamar da waya mai ƙaya. Shekarau ya koma wuni a bakin wayar, yana kallon leburori suna tuge raken da ya tsira. Tabawa ta kai masa tuwo ya dawo da shi yadda yake. Mutumin da ba a taɓa jin ya kwanta ciwo ba ya rame ya zama kamar kara. A nan ne 'ya'yan uku suka rabu, kowa ya kama tasa hanya.

Nomau ya rantse ba zai tashi ba. Ya ratsa wayar, ya kafa bukka a kan tudu kusa da kushewun kakanninsa, ya yi huɗa ya shuka. Aka tuge, ya sake shukawa. Aka ƙone bukkar, ya sake kafawa. Dogarai suka ɗaure shi suka yi masa bulala a kasuwa, aka kai shi gidan yari, ranar da aka sake shi ko gida bai biya ba sai tudu. A ɗauri na gaba igiya ta ci wuyan hannunsa na dama har hannun ya mutu, ya koma riƙe fartanya da hagu. Matarsa ta kwashe yara ta koma gidansu, don babu abin da za su ci. Tabawa ce ke miƙa masa fura ta tsakanin wayar, tana roƙonsa ya dawo gida tun da sauran ransa. Shi kuwa magana ɗaya yake maimaitawa: "Inna, sun ce ba kowa a kanta. To, ga ni a kanta."

Jatau ya yi abin da ba wanda ya zata. Ya je ya shiga lebura a gonar Mai Lofe. Da labari ya kai kunnen Shekarau yana kwance, ya ce kada Jatau ya kusanci gawarsa, kuma bai janye maganar ba har Allah ya karɓi ransa. Ranar jana'iza Jatau daga nesa ya tsaya. Gari ya daina amsa gaisuwarsa, surukansa suka raba shi da matarsa, a masallaci in ya shiga sahu sai na kusa da shi ya matsa. Bai kare kansa wurin kowa ba. Sau ɗaya ya tari uwarsa a hanyar gulbi ya ce, "Inna, dole wani a cikinmu ya ji abin da ake faɗa a gidan nan." Ya yi aiki kamar jaki har Mai Lofe ya ɗora shi a kan leburori, ya kuma tsinci Turanci kaɗan-kaɗan. Duk lokacin da Mai Lofe ya ce a baje tudun nan a gina sito, sai Jatau ya kawo dalili: yau ƙasar wurin ba ta riƙe gini, gobe leburori na tsoron wurin, jibi auduga ta nuna ba a da hannu. Da haka kushewun suka tsira. Amma don kada a zarge shi, ranar da aka ce a sake ƙone bukkar Nomau, da hannunsa ya cinna mata wuta, wansa na tsaye yana kallonsa. Tabawa ta ga hayaƙin daga gida, ta rasa ko albarka za ta sa wa ɗan nan ko baki.

Kande kuwa goyo gare ta, ɗan fari, namiji. Ta ce za ta birni ta kai ƙara gaban Razdan, babban Baturen lardi. Mijinta ya ce in ta taka ƙofar gidansa ta fita, kada ta dawo. Ta ɗaure ɗanta a baya ta bi ayarin fatake da ƙafa. A birni masinjoji suka kore ta daga bakin ofis, suka ce wurin ba na matan ƙauye ba ne. Ta samu gindin durumi daura da ƙofar ta zauna tana tallan gyaɗa, kullum in Razdan zai wuce sai ta miƙe ta ɗaga murya, "Ƙara na kawo!" Ba ya ko waiwayowa. Rani ya wuce, bazara ta shigo da ƙyanda, ƙyandar ta kama yaron. Mutanen unguwar da take raɓe suka taimaka aka binne shi a cikin baƙi. Washegari ta koma gindin durumin, zanen goyon na ɗaure a bayanta ba kowa a ciki. Ashe Razdan ya saba ganin mace da goyo a wurin. Da ya gan ta haka sai ya ja linzami, ya sa a tambaye ta ina yaron. Ranar aka saurare ta, aka ce ta koma gida, Razdan zai zo ya ji ƙarar a can.

Da Razdan ya fito rangadi ya sauka a Tungar Giginya, aka tara gari a gaban gidan Mai Lofe. Tafintan da ya zo da shi ya riga ya kwana a gidan ya ci ya sha. Kande ta yi bayani tiryan-tiryan, tafinta ya juya ya gaya wa Razdan wai matar nan taimako take roƙo don ubanta ya mutu. Ba wanda ya gane a cikin taron sai mutum ɗaya. Jatau ya fito daga cikin leburori, ya ce da guntun Turancinsa ba haka ta faɗa ba. Ya faɗi abin da ta faɗa, ya ƙara da cewa in ana son shaida a biyo shi. Ya shige gaba har tudu. Ga kushewu nan jere, ga Nomau tsaye a cikin 'yan kunyoyin shinkafarsa da mataccen hannu a rataye. Razdan ya daɗe yana kallo. Kafin rana ta faɗi Mai Lofe ya kori Jatau, ya kuma aika wa sauran Turawan yankin kada wanda ya ɗauke shi.

Kada ku zaci an mayar musu da fadamar. Mai Lofe ya ci gaba da riƙe mafi yawanta. Abin da aka yanka musu ɗan yanki ne daga tudu zuwa bakin ruwa, wanda in an yi sa'ar damina zai ciyar da gida ɗaya. Aka kuma gindaya sharaɗi: sunan mutum ɗaya za a rubuta, ba a rabawa, ba a sayarwa, daga shi sai 'ya'yansa.

Tabawa ta ce wa akawun Razdan, "To, ɗana, rubuta nawa."

Akawu ya ce, "Iya, Bature ya ce kin tsufa, ba ya son a dawo masa da maganar nan bayan ranki. Ki zaɓa a cikin 'ya'yanki."

Ta juya ta dube su. Rabon da ta gan su wuri ɗaya tun ubansu na da rai. Ta ce, "Ku haɗu ku noma ta tare mana, ko sunan wa aka sa."

Nomau ya ce, "Inna, duk abin da kika ce zan yi, ban da wannan. Ba zan ci tuwo a akushi ɗaya da wanda ya sa wa ɗakina wuta ba. Kuma ki duba hannuna. Wane daji zan iya sarewa yanzu in yi wata gona? Yarana suna gidan mutane."

Jatau ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya bai yi ƙarya ba, ni na sa wutar. Amma Baba ya tafi da fushina, gari ya ƙi ni, Turawa sun ƙi ni. In ba a wurin nan ba, ban san inda zan sa haƙarƙarina ba."

Kande ba ta yi kuka ba, hawayenta sun ƙare tun a birni. Ta ce, "Ni aurena ya mutu, ɗana ko kabarinsa ba zan iya nuna miki ba. In aka sa sunan ɗayansu, yau zai ce in zauna, ran da 'ya'yansa suka girma ni baƙuwa ce a gonar ubana."

Tabawa ta zauna a ƙasa. Ta duba ta ga ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Da babban bai zauna ba, da Razdan ya tarar da tudu ba kowa, maganar Mai Lofe ta tabbata. Da na tsakiyar bai shiga gidan Bature ba, da an baje kushewun tun tuni, kuma da ƙarar ta mutu a bakin tafinta. Da autar ba ta je birni ba, da har yau ba wanda ya zo ya duba. Dukansu ita ta haifa, dukansu ita ta goya, kuma ta san duk sunan da ya fito daga bakinta, biyu ta kora daga gida.

Akawu ya tsoma alƙalami a tawada ya ce, "Iya, ana jiran ki, dawakai sun shirya."

Nan zan tsaya, don wanda ya ba ni labarin ma nan ya tsaya. To, jama'a, da ku ne Tabawa, sunan wa za ku faɗa? Nomau da ya ba da hannunsa, ko Jatau da ya ba da mutuncinsa da albarkar ubansa, ko Kande da ta ba da ɗanta? Wane ne a cikinsu ya fi cancanta da gonar?