Nomau da Wutsiyar Surukinsa

Ga ta nan, ga ta nanku, jama'a.

Ta zo mu ji ta, mu ƙaru.

Can a tekun ƙasashen zafi, inda ruwa yake da ɗumi, murjani kuma ya yi rassa kamar kurmi, akwai wani ɗan kifi wanzami. Tsawonsa bai wuce yatsa ba, shuɗi ne, da baƙin zane daga hanci har wutsiya. Manyan kifaye sukan yi layi a gindin dutsensa. Ƙa'idarsa ita ce ya fara tsayawa gaban mai zuwa su gaisa, ya ɗan taka rawa, sa'an nan ya tsince masa ƙwarƙwata, wadda ita ce abincinsa.

To, akwai wani kifi, Nomau, da Allah ya yi shi da irin wannan zane, amma da fiƙoƙi biyu a ɓoye. Ya koyi rawar, bai koyi gaisuwar ba. Ta baya yake zuwa. Ya yi rawa, ya gatsa, ya tsere. Ya yi rawa, ya gatsa, ya tsere.

Ran nan ya hango wata wutsiya mai kitse a ƙarshen layi. Ya yi rawa, ya gatsa. Mai wutsiya ya juyo. Ashe Baba Makau ne, uban matarsa Tabawa, wanda ko sunansa Nomau ba ya iya faɗa.

"Kai, ba Nomau ba ne?"

"Ƙaho na yi maka, Baba," in ji shi, kai a sunkuye, baki cike. "Mugun jini na hango."

"Ƙaho? Har da tsoka?"

"Jinin ne ya daskare, Baba."

Kifayen layi suka taso, kowa da tabonsa. "Shi ne! Mu cinye shi!"

Baba Makau ya tare su. "Ku bar shi, mijin 'yata ne. Ashe yunwa ake yi a gidan, ban sani ba." Sai ya juya masa ɗaya gefen. "Ɗana, ga sauran nama nan. Gatsar wa Tabawa nata."

Nomau ya so a ce cinye shin aka yi. Ya ja da baya, ya ja da baya, har ya shige ramin tsutsa a jikin murjani. Har yau yana ciki, kai kaɗai yake leƙowa. Da ya ga inuwar babban kifi, sai ya nutse.

Ƙurunƙus kan ɗan kifi! Duk mai niyyar cizon wutsiya, ya daure ya zagaya ya dubi fuska tukuna.