Tsohon da ya koyi tafiya a kan yashi

Akwai wani mai gyaran firij, mutum ne mai neman na kansa, ba ya hutu. Wata shekara aiki ya yi masa kyau, sai ya ce zai kai matarsa da 'ya'yansa biyu wani ɗan tsibiri su yi kwana uku a bakin teku. Awa shida ne a mota, sannan a shiga kwale-kwale.

Mahaifinsa a gidan yake zaune, a ɗakin da ke kusa da ƙofa. Tsohon direban babbar mota ne. Shekara talatin yana taka kuloci, har gwiwar hagu ta ce ta gaji, ya koma dogara sanda. Ya ga gari iri-iri, amma bai taɓa ganin teku ba.

Kullum bayan cin abinci a falo ake shirin tafiyar. Ana miƙa waya hannu zuwa hannu, ana kallon farin yashi da itatuwan kwakwa. Yara na musu a kan wanda zai fara shiga ruwa. Tsoho kuma na gefe yana ba da shawara irin ta direbobi: a fita da sassafe, a duba taya, kada a cika wa yara ciki kafin a hau ruwa. Ya tsokani jikarsa, ya ce idan kifi ya ja ta shi ba ruwansa, sabuwar amarya zai nema a tsibirin. Ita ma ta ce ai babu mai son ango mai ƙafa uku.

Mai gyaran firij yana jin duk wannan. Yana jin tsohon na cewa idan mun isa, idan mun sauka. Shi kuwa tuni ya yanke a ransa cewa Baba gida zai tsare. Gwiwar nan ba za ta hau kwale-kwale ba, sanda nutsewa take a yashi, ga yawan tsayawa a hanya. Kwana uku ne kacal, ba ya son ya ƙare su yana riƙon hannu.

Matarsa ta yi masa magana sau biyu. Ta ce ko dai a tafi da Baba, ko a gaya masa tun da wuri. Ya ce zai gaya masa gobe. Haka goben ta yi ta zuwa tana wucewa har mako uku.

Ranar tafiya, mai gyaran firij yana cusa kaya a but ɗin mota, sai ga tsoho ya fito cikin fararen kaya, da 'yar jakarsa a hannu da sabon takalmin roba.

Mai gyaran firij ya sosa ƙeya, ya ce, "Baba, ai kai za ka zauna mana a gida. Wurin ba zai yi wa ƙafarka daɗi ba."

Tsohon ya dube shi, ya dubi jakar.

"To," ya ce. "Dama gida ba ya zama babu kowa."

Ya zagaya motar a hankali, ya ƙwanƙwasa tayoyin da sandarsa ɗaya bayan ɗaya, ya ce ta baya tana son iska. Ya yi musu addu'a, ya koma ciki.

Da suka isa gaɓar da ake hawa kwale-kwale, akwai wata tsohuwa a gabansu wadda ko tsayuwa ba ta iya yi. Matuƙa biyu suka ɗora ta a kujerar roba, suka ɗaga ta cak, suka ajiye ta a ciki tana yi musu faɗa suna dariya. Ko minti biyu ba a yi ba. Mai gyaran firij ya tambayi ɗayansu, ya ce masa ai kullum aikinsu ke nan, wanda ya fi ta rauni ma sun ɗauka. Matarsa ta kawar da kai.

Tsibirin ya yi kyau kamar yadda yake a hoto. Yara suka sha wasa. Shi kuwa duk inda ya ga inuwa mai kyau sai ya ce a ransa nan Baba zai zauna. Ya kira shi sau uku, tsohon ya ce lafiya lau yake, su dai kula da yara.

Ranar da suka dawo, yana sauke kaya, wani magini da ke aiki a filin maƙwabta ya taso da fara'a yana yi musu barka da hanya. Ya tambaya yaya Baba ya ga teku, ƙafar ta yi aiki kuwa?

Mai gyaran firij ya tsaya da jaka a hannu. Maginin bai lura ba, ya ci gaba. Ya ce mako uku tsohon yana zuwa da hantsi, ya roƙe su su baje masa yashin gini, yana koyon tafiya a kai don kada ya ɓata wa ɗansa lokaci a can. Da taku goma ya fara, har ya kai arba'in. Sau biyu ya faɗi, ya hana a faɗa wa kowa. Tsofaffin da suke zama tare a benci ma duk ya sanar da su ɗansa zai kai shi teku.

"Tun ranar da kuka tafi ba mu gan shi ba, muka ce tsoho yana can yana shan iska."

Mai gyaran firij ya shiga ɗakin mahaifinsa. Taga a rufe, labule a sake. Kwana uku tsohon bai leƙa ko ƙofar gida ba, bai kunna rediyo ba, don kada wani ya san an bar shi.

Ɗan ya durƙusa, ya ce mako mai zuwa za su koma su biyu kawai, akwai kujera, akwai masu ɗauka.

Tsohon ya girgiza kai. "Unguwa duk ta ɗauka na je. Idan muka tafi yanzu za su tambayi dalili, kuma sunanka ne zai shiga bakinsu. Bar shi."

Ɗan ya yi roƙo, matarsa ta zo ta yi, yara suka yi. Tsohon bai ɗaga murya ba, bai kuma canja magana ba. Da suka gaji, sai ya matsa ya ba ɗansa wuri a bakin gado.

"Zauna ka gaya mini yadda yake. Ƙararsa, da launinsa, da yadda yashin yake a ƙafa. Gobe zan fita benci. Ba zan yi musu ƙarya ba, amma kada su tambaye ni ruwa in tsaya ina kallonsu."

Mai gyaran firij ya zauna. Ya buɗe baki ya ce ruwan shuɗi ne, daga nan ya sunkuyar da kai. Tsohon ya jira shi.

Darasi: Kada ka yanke wa tsohonka abin da zai iya da abin da ba zai iya ba, tambaye shi. Idan kuma ba za ka tafi da shi ba, gaya masa tun ranar farko, kada ka bari ya ɗaure jaka. Wanda iyayensa ke raye, tura masa wannan ya karanta.