Kalmar da Anas Ya Sallami Jummai da Ita

Akwai wani mai kemis a Gyaɗi-Gyaɗi, sunansa Anas. Aiki kam ya iya, ba za a hana shi ba. Amma bawan Allahn nan ba ya son tambaya. Ko me ka tambaye shi sai ya ɗaga gira ya ce, "Ai obvious ne."

Ga wanda bai sani ba, kalmar Turanci ce. Ana faɗinta a kan abin da yake a fili ƙarara, wanda ba sai an yi bayani ba. Shi kuwa Anas rufe bakin mutane yake yi da ita.

Wata ranar Talata da hantsi, wata mata mai suna Jummai ta shigo da goyo, surukarta na biye. Watansu huɗu da tasowa daga ƙauye zuwa Tarauni, inda mijinta Sani yake tuƙa adaidaita sahu. 'Yarsu ta kwana biyu tana gudawa.

Anas ya miƙo ƙunshin garin gishiri da sukari.

Jummai ta ce, "Malam, yaya ake haɗawa?"

"Haba baiwar Allah, ga shi a rubuce a jiki. Obvious ne. Waye na gaba?"

Jummai ba ta iya karatu ba. Kuma yarinyar 'yar fari ce, ga suruka a tsaye. Ina ita ina nacewa a kan 'yar fari? Kunya ta ɗaure mata baki. Ta ce "To," ta fita.

A gida ta juye garin duka a ƙaramin kofi, ta dama da ɗan ruwa. A tunaninta magani kamar kunu ne, mai kauri ya fi ƙarfi. Garin da lita guda ya kamata ya sha! Haka ta yi ta ɗura wa yarinya, har jijjiga ta kama ta. Kafin la'asar, a asibiti, rai ya yi halinsa.

Wallahi ina rubutun nan zuciyata tana ƙuna.

Bayan sadakar uku, Sani ya tsayar da adaidaitarsa a ƙofar kemis. Anas ya riga ya ji labari.

Sani ya ce, "Malam, ban zo rigima ba. Kwanan yarinyar ne ya ƙare. Amma matata ta riƙe kalmar da ka faɗa mata. Na tambayi wani fasinja, ya ce nufinta abin da kowa yake gani."

Anas ya sunkuyar da kai.

"To ita ba ta gani ba. Likita ya ce ledar fiya wata biyu ake zubawa. Da haka ka ce mata, ai ta san fiya wata."

Darasi: Abin da yake a fili a wurinka, duhu ne a wurin wani. Idan an tambaye ka, ka amsa. Minti ɗaya ne. Ku tura wa duk mai hulɗa da jama'a, ko Allah zai sa a tsirar da rai.